Ƙanzo Mai Laushi

A gindin wani dutse da ake fasawa ana lodawa a motoci, akwai wasu ɗakunan kwano a jere, inda ma'aikatan ke zaune da iyalansu. Wurin ba shi da kasuwa, ba shi da gona, ko bishiyar da mutum zai fake a inuwarta babu. Duk abin da za a ci mota ce ke kawo shi daga nesa, a sauke a sito, a kulle. Sau ɗaya ake girki a yini, da rana, a wata babbar tukunya da yaro zai iya kwanciya a cikinta. Ba a zuba wa kowa sai wanda ya yi aiki. Mai iyali yakan ci rabin kwanonsa a tsaye, ya rufe rabi ya kai ɗaki.

Mutanen madafar ba su da yawa. Uwar Tukunya ce ke girki da rabo. Mai Makulli, wani siririn mutum mai tarin 'ya'ya, shi ke auno mata shinkafa da wake da mai daga sito. Mai Itace yana kawo itace a amalanken jakinsa. Sai Mai Wanke-wanke, wadda ke kula da wuta idan Uwar Tukunya ta juya ga miya, ta kuma wanke tukunya in an gama rabo. Ita ba a zuba mata kwano. A ƙa'idar wurin, ƙanzon da ya kama a gindin tukunya shi ne rabonta. Mijinta ya daɗe yana fasa dutse har ƙura ta cinye masa ƙirji. Yanzu yana kwance yana tari, kuma wanda ba ya aiki ba shi da kwano. 'Ya'yansu biyu: wata yarinya da ake kira Firit saboda ƙanƙantarta, da ƙaninta na goye.

Mai gadin wurin tsoho ne, ana ce masa Baba Mai Sawu. A ƙuruciyarsa, idan ɓarayi suka kore wa mutane dabbobi, shi ake nema ya bi ƙasa har ya kai inda aka ɓoye su. Idonsa na nan daram, amma haƙoransa sun ƙare sai 'yan kaɗan masu girgiza. Kullum da yamma Firit takan kawo masa ɗan gutsuren ƙanzo a tafin hannunta, shi ya sa yake kiranta uwar ɗakina. Yana da wani kofin silba da yake jiƙa ƙanzon a ciki, don in bai jiƙa ba ba ya taunuwa.

Sai abinci ya fara kasawa. Da fari na ƙarshen layi ne ke samun abin da bai taka kara ya karya ba. Daga baya ludayi ya riƙa tokarar ƙanzo alhali da sauran mutane tsaye da kwanoni a hannu. Uwar Tukunya ta rantse abin da aka auno mata take dafawa. Mai Makulli ya rantse awon da ya saba shi yake yi.

Ranar da abin ya ɓaci, wani mai fasa dutse da ake kira Dogo ya zo a makare, bai sami ko loma ba. Ya sha ruwa ya koma bakin aiki. Da la'asar jiri ya ɗebe shi yana ɗauke da dutse, ya faɗi, dutsen ya murƙushe masa yatsun hannun dama.

Kafin rana ta faɗi jama'a sun kewaye ƙofar sito.

Matar Dogo ta ce wa Mai Makulli, "Kai ne da makulli. Ko aljanu ne ke shiga ta ƙarƙashin ƙofa?"

Ya ce, "Ku dubi wuyan 'ya'yana, ku faɗa mini in ɗan ɓarawon shinkafa haka yake."

Wani daga baya ya ce, "Gwanin ɓarawo ba ya ƙiba a gida, sayarwa yake yi."

Manajan wurin ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Motar kaya za ta zo jibi. In za ta juya, da ɓarawo za ta juya, a miƙa shi ga hukuma. Baba, an ce ka san ƙasa. In ka samo mana wani, to. In ba ka samo ba, mai riƙe da makulli ya hau."

Washegari da sassafe, kafin ƙafafu su ɓata ƙasa, Baba Mai Sawu ya zagaya siton. Ƙurar dutse fara ce mai laushi, ba ta ɓoye wa kowa asiri. Da aka buɗe masa ƙofa, a ciki ya ga sawun Mai Makulli, wanda takalminsa na hagu ke ɗaure da waya. Ya ga na Uwar Tukunya, mai ɗan jan ƙafa. Na uku babu. Ya duba kwanon bango, ƙusoshin duk sun yi tsatsa a mazauninsu, ba a taɓa su ba.

A bayan siton ya ga ƙwayoyin shinkafa a jere, sun nufi shinge. Mata da yara suka biyo shi suna raɗa. Ya bi layin a sunkuye har ya ƙare a bakin wani ɗan rami.

Ya ce, "Ga ɓarayinku nan, tururuwa. Mai son kai su ga hukuma ya nemo igiya siririya."

Ba wanda ya yi dariya.

Ya tsaya aka yi awo a gabansa. Mudun ya cika har yana zuba, kamar yadda aka saba. Mai Makulli ya matso kusa da shi, ya rage murya ya ce, "Baba, in na hau motar nan, wa zai kai rabin kwano ɗaki? Uwar 'ya'yana ciki ne da ita."

Tsohon ya ce, "Ban ga sawunka inda bai kamata ba."

"Ai ba sawu za su tambaya ba, mutum suke so."

Wasu sun ce Mai Itace ne ke fita da shinkafa a ƙarƙashin buhunan amalanke. Baba ya bi sawun tayar har bakin hanya. Wajen shigowa ta nutse a ƙasa, wajen fita da kyar ta taɓa ƙura. Amalanken wofi yake fita.

Mai Itace ya ce, "To, Allah ya sa tayar ta yi mini shaida. Ni ma ina da ƙara, Baba. Itacen da ke daɗewa yanzu ba ya daɗewa, Uwar Tukunya tana cewa rage lodi nake yi. Ka tambayi jakina in na rage, shi ke ji a ƙashin bayansa."

Uwar Tukunya tana yanka albasa ya same ta. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "In ni kake zargi, ka faɗa tun da wuri."

"Zargi ba sana'ata ba ce, Uwa. Ƙasa nake tambaya. Girkin bai canza ba?"

"Da me zai canza? Tun gashina na baƙi nake bakin tukunyar nan, ban taɓa ƙona abinci ba. Ka tambayi duk wanda ya ci, ko ƙauri ya taɓa ji."

Ya zagaya bayan madafa inda ake zubar da toka, ya tona da sandarsa don sabo kawai. Sai ya ga wasu dunƙulen gawayi guda-guda, sumul, kamar an wanke su. A gefe ɗaya na kowanne, ƙwayoyin dafaffiyar shinkafa sun manne sun bushe. Ya juya ɗaya a hannu, bai ga abin da yake faɗa ba, ya jefa shi aljihu.

Da yamma yana zaune a ƙofar rumfar gadinsa, sai ga Firit, ƙaninta a bayanta, hannunta a dunƙule.

Ta ce, "Tsoho, ka kama ɓarawon?"

"Na kama tururuwa, uwar ɗakina."

"Ka ɗaure su?"

"Sun ba ni haƙuri, sun ce su ma iyali gare su."

Ta yi dariya, ta buɗe hannu ta ba shi gutsuren. Ya sa a baki ya tauna. Ya haɗiye, ya miƙa hannu zai ɗauko kofinsa ya sha ruwa, sai ya tsaya. Kofin yana kife a kan dutse, ƙura ta rufe shi, gizo-gizo har ya yi saƙa daga mariƙinsa zuwa bango. Ya daɗe yana kallonsa. Mutumin da ya yini yana tambayar ƙasa, bai tambayi bakinsa ba. Yaushe rabon da ya jiƙa ƙanzo?

Ya dubi abin da ya rage a hannunsa. Ƙasansa baƙi ne, tsakiyarsa ja, amma samansa fari ne tas, shinkafa ce sosai mai laushi, ta kai kaurin yatsa biyu.

Ya ce a hankali, "Ƙanzonku ya yi daɗi kwanan nan."

Firit ta ce, "Ai Inna ce ta iya yanzu. Da can sai ka ji kamar tsakuwa. Yanzu har Babanmu yana ci, ya daina cewa ya ƙoshi. Da kullum in an kawo sai ya ce ya ƙoshi, alhali ba inda ya je." Ta gyara goyonta. "Ni ma shekaranjiya na ci har na bar saura."

Sai a lokacin ya lura kumatunta sun ɗan ciko.

Da ta tafi ya fito da gawayin daga aljihu. Ya tuna marigayiya matarsa. Duk ranar da abinci ya kama mata, sai ta wanke gawayi ta ɗora a kan shinkafar, ta rufe, gawayin ya shanye ƙaurin, ba wanda zai san an yi ɓarna. Ya tuna itacen da ba ya daɗewa. Ya so a ce ido ya mutu masa tare da haƙora.

Ranar da mota za ta zo, ya nemi inuwar bangon madafa ya zauna kamar mai gyangyaɗi. Shinkafa ta kusa tsotsewa, Uwar Tukunya ta juya ga miya. Mai Wanke-wanke ta tura manyan itatuwa tsakiyar murhu, wuta ta tashi tana lasar gindin tukunya. Ta ɗan ɗaga murfi, ta sa wani abu daga haɓar zaninta, ta rufe. Kafin Uwar Tukunya ta juyo, ta janye itatuwan, ta cire abin da ta sa, ta tura shi cikin toka da ƙafa. Duk cikin natsuwa ta yi, kamar mai gyara wa yaro mayafi.

Aka yi rabo. Aka zuba wa Baba nasa, ya rufe ya ajiye, bai iya ci ba. Na ƙarshen layi suka tafi da kwanoni wofi suna ƙara.

Ya same ta a wajen wanki, ta shiga tukunyar har kafaɗa tana kankara da cokali. Ya ɗora gawayin a bakin tukunyar. Ta dube shi, ta ci gaba da kankara.

Ta ce, "Ka gani ke nan, Baba."

"Na gani, 'yata. Na ci ma."

"Ban taɓa zuwa ƙofar sito ba. An ce rabona ƙanzo. Ba a ce ga kaurinsa ba."

"Dogo fa?"

Cokalin ya tsaya. Ta ce, "Ranar da ya faɗi na rantse na daina. Washegari na dubi wutar, na tuna ɗaki, hannuna ya tafi da kansa." Ta share fuska da bayan hannu. "Ka ce ba ka ga komai ba. Kai tsoho ne, za su yarda."

"Sai Mai Makulli ya hau mota."

Ta koma ga kankararta. Ya ɗauki gawayinsa ya tafi, yana jin ƙarar cokali a bayansa.

Da la'asar motar ta iso, aka sauke kaya. Manaja ya tara mutanen madafa a gaban sito, jama'a suka kewaye su. Dogo ma ya fito, hannunsa a naɗe da tsumma. Firit tana can gefe wajen yara.

Manaja ya ce, "Baba, muna ji."

Tsohon ya ce, "Ba wanda ya shiga sito sai masu shiga. Awo cikakke ne. Amalanke wofi yake fita. Shinkafa tana shiga tukunya yadda ta saba, a cikin tukunya take ɓata." Ya nuna tukunyar da aka jingine a nan kusa tana shan iska. "Ina ganin gindinta ne ya cinye, tana kamu da yawa. Laifin ƙarfe ne. A sake tukunya, magana ta wuce."

Uwar Tukunya ta ƙwanƙwasa gindin tukunyar da ludayi, ta ba da sauti mai nauyi. Ta ce, "Wannan ce ta cinye? Ta girmi 'ya'yana, ba ta taɓa cin amanata ba. In kamu take yi, ina ƙaurin?"

Manaja ya ce, "Baba, tukunya ba ta hawa mota. Mutum na ce ka kawo." Ya yi wa wasu ƙarti biyu alama, suka kama Mai Makulli ta damtse. 'Ya'yansa suka riƙe masa riga, ƙaramin ya fara kuka. Shi kuwa bai yi gardama ba, takalminsa mai waya ne kawai ya fice, ya tsaya yana neman sa da ƙafa.

Baba Mai Sawu ya dubi Mai Wanke-wanke. Idonta na ƙasa. Ya jira ko za ta yi magana, ba ta yi ba. Sai ya sa hannu a aljihu, ya fito da gawayin, ya miƙa wa Uwar Tukunya.

Mai girki ba ta buƙatar bayani. Ta juya shi, ta ga shinkafar da ta manne, ta juya a hankali ta dubi matar da ta daɗe tana bar wa wuta.

Ta ce, "Ke? Ni da nake juya baya in bar miki tukunya kamar 'yar cikina?"

Mai Wanke-wanke ta sunkuya, ta yaye tsumman da ke kan robar da take zuba rabonta. Ƙanzo ne ɓalli-ɓalli, fari a sama, abincin mutane da dama. Ta ce, "Ku sake shi. Bai san komai ba."

Matar Dogo ta ratso mutane, ta ɗauki ɓalli ɗaya ta ɗaga. Kowa ya zaci za ta jefe ta da shi. Sai kawai ta ce, "Hannun mijina ke nan," ta mayar da shi cikin robar, ta zauna a ƙasa.

Baba ya ce, "Manaja, ba ta fita da ƙwaya ɗaya daga wurin nan ba. Mara lafiya ta ciyar, da yara. Ni ma na ci. In hukunci ne, a haɗa da ni."

Manaja ya ce, "Kai ba ka tura itace ba." Ya yi ɗan tunani. "Ba zan kai ta hukuma ba, su me za su rubuta, satar ƙanzo? Amma aikinta ya ƙare, ɗakunan nan kuwa na masu aiki ne. Mota za ta sauke ta da iyalinta a mararraba. Daga gobe kuma ƙanzo na kowa ne, a kankare a raba."

Wani ya tambaya, "Dogo fa?"

Manaja ya ce, "In hannun ya warke, kwanonsa na nan."

Kowa ya san hannun ba zai warke ba. Mutane suka watse, ba mai kallon wani. Mai Makulli ya zo zai yi godiya, tsohon ya ɗaga masa hannu ya wuce.

Kayan Mai Wanke-wanke da iyalinta ba su ɗauki lokaci ba: tabarma, ƙullin tufafi, tukunya ƙarama. Maza biyu suka ɗaga mijin suka kwantar da shi a kan buhunan wofi a bayan mota, yana tari. Robar ƙanzon an riga an shigar da ita madafa.

Baba Mai Sawu ya ɗauko kwanonsa na rana, wanda bai taɓa ba, ya zo bayan motar. Firit tana zaune ta rungume gwiwoyinta. Ta ga duk abin da aka yi, ta ji duk abin da aka ce. Ba ta kira shi tsoho ba.

Ya miƙa mata kwanon, ya ce, "Uwar ɗakina, yau ni ne da kawowa."

Ta buɗe ta duba, ta ce, "Na waye?"

"Nawa ne."

"Kai me za ka ci?"

"Ni na ƙoshi."

Ta dube shi, ta juya ta dubi babanta a kan buhuna, ta sake duban Dogo da ke zaune a ƙofar ɗakinsa da hannu a cinya. Direba ya tayar da mota. Ta rufe kwanon ta ɗora a cinyarta, ba ta ci ba, ba ta kuma mayar masa ba.

Tsohon ya tsaya har ƙura ta lafa. Sawun tayar ya miƙe fes zuwa bakin hanya, amma ba wanda zai ce masa ya bi shi.

Ita kuwa Firit, a ranar ta gane abu biyu. Idan babba ya ce ya ƙoshi, yunwa yake ji. Kuma duk ranar da ita ta ƙoshi, akwai wanda bai ci ba.